Mun Iya Sa Kaya, Mun Manta Sanin Kaya

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma tun da furfura ta ba ni izinin faɗar abin da wani zai ji nauyin faɗa, bari in faɗe ta a tsanake. Mun fi iyayenmu yawan tufafi nesa ba kusa ba, amma mun kasa kamo ƙafarsu wajen sanin abin da muke ɗorawa a jikinmu. Kakanninmu mata sukan murza bakin zane tsakanin yatsu biyu su gaya maka ko audugar ta samu kaɗi mai kyau, ko rinin zai zuba, ko zanen zai jure shekara nawa yana shan wanki. Mu kuwa, da akwatunanmu cike har ba sa rufuwa, abin da muka sani game da riga bai wuce kuɗinta da sunan da mai kanti ya laƙa mata ba. Ban cire kaina ba, ban kuma cire ku ba, domin tare muka bar ilimin nan ya sulale daga hannunmu.

Bari in fara da gwanjo, tun da shi ne ya rufa wa yawancinmu asiri a wannan zamani. Duk wanda ya shiga Ƙofar Wambai a Kano lokacin da ake fasa dila ya san ba talaka kaɗai ke durƙusawa yana tona ba. Akwai ma'aikacin gwamnati, akwai ɗalibar jami'a, akwai matar mai hali da ta aiko yarinya don kada a gan ta. Tun daga 2023, da aka cire tallafin mai kuma darajar naira ta faɗi, magidancin da ke da 'ya'ya shida, ga hunturu ya ƙarato, ba shi da wata hanyar sama musu rigunan sanyi da ta wuce wannan, kuma ya yi abin da ya dace. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda muke sayen gwanjo da safe, da yamma kuma mu yi wa ɗan maƙwabci gori don an gane daga can tasa rigar ta fito. Yaron da aka yi wa dariya a makaranta a kan rigar da ubansa ya yi gumi ya saya, sannu a hankali zai fara jin kunyar uban nasa, kuma wannan ɓarna ce da sabuwar shadda ba ta gyarawa. Ai sa kayan da wani ya sa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Uba yakan ba ɗansa kwancen babbar riga, ɗan ya sa ta ranar Idi yana taƙama. Dillaliya takan shiga gida-gida da ƙullin zannuwan da wata ta ɗaura ta gaji, a zaɓa a biya, ba wanda ya ce an yi abin kunya.

Sai dai kare mutuncin mai sa gwanjo bai hana mu tambayi asalin gwanjon ba. Kaya ne da mutanen Ingila da Amurka da Kanada da Sin suka gama da su, aka tattara, aka tace, aka matse cikin dila, aka loda a jirgin ruwa. Dokar Najeriya ta daɗe da hana shigo da su, shi ya sa akasarinsu ta Kwatano suke biyowa su tsallako iyaka. Ɗan kasuwa yana biyan kuɗin dila kafin ya ga abin da ke cikinta, kuma tsofaffin 'yan gwanjo za su gaya muku cewa kayan yau ba su kai na shekarun baya ƙwari ba. Dalili kuwa a fili yake: can ma an koma ɗinka kaya masu arha da ba a yi su don su daɗe ba, a sa sau kaɗan a yar. A kasuwar Kantamanto ta Accra, masu bincike sun ƙiyasta cewa tufafi kimanin miliyan 15 ke shiga duk mako, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari ba sa sayuwa, sai dai su ƙare a bola da bakin teku. Arhar ma akwai wanda ya biya ta da ransa. A watan Afrilu na 2013 benen Rana Plaza ya rufta a Bangaladesh, mutum sama da 1,100 suka mutu, akasarinsu mata masu ɗinka wa manyan kantunan Turai da Amurka kaya. Saboda haka idan mun durƙusa muna tona, mu tona da ido, mu ɗauki abin da zai yi mana aiki, kada arha ta sa mu kwaso sharar wasu mu jibge a ɗakunanmu.

A nan ne ɗan ilimin kimiyya ke da amfani, kuma ba sai an je jami'a ba. Fiye da rabin zaren da ake sarrafawa a duniya yau foliyesta ne, wanda daga man fetur ake yin sa, kuma asalinsu ɗaya da robar ruwan sha. Auduga tana iya riƙe damshin da ya kai kusan kashi 8 cikin ɗari na nauyinta ba tare da an ji ta jiƙe a hannu ba, shi ya sa take shanye gumi ta bar jiki ya sha iska. Foliyesta kuwa ko kashi 1 ba ya riƙewa. Mu da muke zaune inda zafin bazara ke wuce digiri 40, a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, mun ɗauki yadin roba mun naɗe jarirai da shi don yana ƙyalli, sannan mu yi ta mamakin ƙurajen zafi.

Gane shi ba wuya. A zare ɗan zare daga cikin ɗinki, inda ba a gani, a riƙe shi nesa da jiki, a ƙyasta masa ashana. Auduga za ta ci da wuta, ta yi warin takardar da aka ƙona, ta bar toka mai laushi da ke watsewa idan an murza. Ulu da siliki na gaskiya warin ƙonannen gashi suke yi. Roba kuwa narkewa take, ta ƙanƙance, ta bar ɗan baƙin dunƙule mai tauri. Wannan narkewar ita ce abin tsoro, domin idan wuta ta kama rigar roba, liƙewa take yi a fata ta zurfafa ƙunar. Ku tuna da matanmu da ke sunkuyawa gaban murhu da risho, da yaranmu da ke kewaye wuta suna jin ɗumi da asuba a lokacin sanyi, akasarinsu cikin rigunan roba da muka saya musu da hannunmu. Bayan haka, idan tsumman auduga ya faɗa ƙasa ruɓewa yake, na roba kuwa yakan yi shekaru da dama yana nan, ya haɗu da leda ya toshe kwata, damina ta zo ruwa ya shiga gidaje, mu ce gwamnati ba ta yashe magudana ba.

Ga kuma tsafta, wadda ban zaci sai an tuna mana ba. Nakan ga an sayo riga da rana, da daddare an sa wa yaro ita da ƙanshin dilar a jikinta. Ƙazwa da ƙwarƙwata da makero duk suna iya bin tufa. Ƙwayar ƙazwa ba ta wuce kwana biyu zuwa uku da rai idan ba ta kan fatar mutum, kuma zafin da ya wuce digiri 50 yana kashe ta cikin minti goma. Amma ku tuna hannu nawa suka juya rigar nan a kasuwa, jiki nawa suka gwada ta. A wanke da ruwan zafi da sabulu, a shanya a rana tsaka har ta bushe ƙarau, a bi ta da dutsen guga ciki da waje, musamman bakin ɗinki. Kamfai da rigar mama da singileti kuwa, ina roƙonku da girman Allah, a daure a sayi sabo ko da mai arha ne.

To, yanzu bari in zo kan abin da ya fi taɓa mini zuciya, wato aikin hannu. Karofin Ƙofar Mata da ke Kano, wanda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa, mun mayar da shi wurin kai baƙi su ɗauki hoto, alhali ɗakin gwajin kimiyya ne da ya girmi duk makarantun bokonmu. Shunin da ake samu daga ganyen baba ba ya narkewa a ruwa, kuma abin da bai narke ba ba zai shiga zare ba. Marini sai ya haɗa baba da toka da katsi a rami mai zurfi, ya bar su kwana da kwanaki yana motsawa. Tokar tana mayar da ruwan mai kaifi irin na kanwa, ƙwayoyin bakteriya kuma su yi ta cin ganyen suna cinye iskar oksijin da ke ciki, irin aikin da ke sa gasara ta yi tsami idan ta kwana. Da iskar ta ƙare sai shunin ya sauya, ya narke, ya koma ruwan ɗorawa mai sirkin kore. A haka yake ratsa zaren. Idan aka tsamo zanen, a kan idonka iska za ta buge shi ya rikiɗe daga kore zuwa shuɗi, domin shunin ya koma halinsa na farko, ya maƙale a cikin zare inda ruwa ba zai iya fitar da shi ba. Shi ya sa marini yake tsomawa ya fitar, ya sake tsomawa ya fitar, sau da yawa, kafin a samu baƙin shuɗin nan da ake so. Yana gane ramin ya nuna ta kumfarsa da warinsa, ba tare da ya taɓa jin sunan oksijin ba. Daga nan a kai wa masu bugu, su yi ta dukan zanen a kan gungume har ya ɗauki ƙyalli. Turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa har ya rina musu fata, ta wannan hanya ake yin sa.

Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a nan suna kaiwa har Tambutu da Murzuk da Tarabulus. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, kasuwar baba ta fara karyewa a duniya. Daga baya muka samu namu masaƙun na zamani, aka buɗe Kaduna Textiles a 1957, dubban magidanta suka ci abinci a Kakuri, sannan a farkon shekarun 2000 aka rufe su ɗaya bayan ɗaya. Na san rashin wutar lantarki da fasa-ƙwauri da kayan Sin da suka cika Kantin Kwari ba laifin mai saye ba ne. Amma akwai namu kason, kuma shi ne nake son mu duba.

Mutum zai zauna wata biyu ko uku yana zuba wa babbar riga aska takwas da allura, har idonsa ya yi rauni, bayansa ya ƙage. A birnin Zariya mata da yawa da irin wannan ɗinki suke ciyar da gida. Idan maɗinkin ya faɗi kuɗi sai mu riƙe baki, mu taya rabi, mu ce ai na inji ya fi arha, mu karɓi rigar mu ce ya dawo ƙarshen wata. Mu ɗin nan kuma ba ma jin ciwon fitar da anko a kowane biki, a ɗinka a sa yini ɗaya a jefa ƙasan akwati, har wata ta ci bashi don kada ƙawaye su ce ba ta yi ba. Ɗan maɗinkin nan yana kallon yadda muke yi wa ubansa, shi ya sa da ya tasa sai ya nemi babur ya shiga acaɓa. Haka mazari ya bar hannun mata, haka masaƙan fari da gwado da luru suka ragu, haka zaren tsamiya ya zama sai an yi cigiya. Sana'ar da ba a biyan mai ita haƙƙinsa ba za ta samu magaji ba, kuma idan ta mutu ba a sayo ta a dila.

Duk da haka ina ganin abin da ke faranta mini rai. Akwai 'yan mata da samari yanzu da ke sayen ƙatuwar rigar gwanjo ta auduga, su farke ta, su yanka daidai jikinsu, su ƙara mata aiki a wuya, ta fito ba irinta a unguwa. Wasu suna ƙulle farin yadi da zare su rina a gida. 'Ya'yana, Allah Ya yi muku albarka, kun kama hanya. Sai dai masu rini da garin kanti su sani cewa kostik soda da ake haɗawa da shi yana cin fata, yana kuma iya makantar da ido. A sa safar hannu, a yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, a nisanta shi da yara, kuma kada a zubar da ruwan kusa da rijiya.

Mu iyaye kuma, kada yaro, namiji ko mace, ya kai shekara goma bai iya zura zare a allura ba, bai iya mayar da maɓalli ko yi wa wando maho ba. Malamin kimiyya da ke Kano ko kusa da ita ya kwashi ɗalibansa ya kai su karofi su ga kore yana komawa shuɗi, su yi wa marini tambaya da ladabi, domin ramuka da yawa a can sun riga sun bushe, masu aikin kuma tsufa suke yi. Idan za a taso, kowa ya sayi ko da ɗankwali ɗaya, a biya kuɗin da marinin ya faɗa.