Shin Akwai Gaɓar Banza A Jikin Ɗan Adam?



Kwanakin baya wata ɗalibata a Islamiyya, 'yar aji biyar a sakandare, ta dawo karatu bayan an yi mata aikin afendis. Da aka tashi sai ta tsaya, ta ce, "Malama, a darasin boko an ce mana afendis ragowa ce daga kakanninmu na dabbobi. Ga shi an cire nawa, ban ji na rasa komai ba. To ashe Allah Yana halittar abin banza?" Wallahi gabana ya faɗi. Amsa ta zo bakina nan take, amma na haɗiye ta, na ce ta ba ni mako ɗaya. Dalilin haɗiyewar nake son mu tattauna, domin gobe 'yarki ce za ta kawo miki wannan tambaya, wataƙila kina tsakiyar tuƙa tuwo.

Maganar ta samo asali ne daga Charles Darwin, mutumin Ingila. A littafinsa na shekarar 1871 a kan asalin ɗan Adam ya ambaci afendis, wato ɗan tsiron hanjin nan mai tsawon yatsa da ke ƙasan ciki ta dama, da ƙashin ƙarshen gadon baya, da turamen haƙori na can ƙurya, da tsokar kunne wadda yawancinmu ba ma iya motsa ta, ya ce duk saura ne daga halittun da suka gabata. A 1893 wani masanin gaɓoɓi Bajamushe, Robert Wiedersheim, ya jera irin waɗannan har 86. Sai bincike ya yi ta ci gaba. Akwai wata 'yar gaɓa a bayan ƙashin ƙirji da ake kira taimos, wadda ke cikin jerin. A 1961 Jacques Miller ya gano cewa a nan ne ake horar da wasu sojojin jini masu yaƙar cuta. Shi kansa afendis, a 2007 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka kawo bayanin cewa maɓoya ce ta ƙwayoyin halitta masu amfani, waɗanda ke sake cika hanji bayan zawo mai tsanani ya wanke shi.

Kin ga amsar da ta zo bakina ke nan: sun ce banza ne, ga amfaninsa ya fito, shi ke nan Darwin ya sha ƙasa. Haka muka riƙa faɗi muna ɗalibai a kwaleji, ana kabbara. Kuma akwai gaskiya a ciki. Rashin sanin amfanin abu daban, rashin amfaninsa daban. Wanda ya shiga ɗakin amarya ya ga wani kwano bai san na mene ne ba, ai ba shi da hurumin ya ce a zubar. (Mu ma fa kada mu cika baki: a gidajenmu nawa ake kiran wanzami ya yanke belin jariri, alhali likitoci sun daɗe suna gargaɗi a kan zubar jini da kamuwa da cuta?)

To amma da na zauna na karanta abin da su masu ra'ayin juyin halittar suke faɗa da bakinsu, sai na ga amsar tawa ta harbi inda ba su tsaya ba. Su ba su ce lallai gaɓar ba ta da amfani ko kaɗan ba. Cewa suka yi ta bar aikinta na asali, ko da ta kama wani. Darwin da kansa ya faɗi haka tun a littafinsa na 1859. Dubi jimina: tana da fukafukai, tana daidaita gudu da su, tana yi wa 'ya'yanta inuwa, amma ba ta tashi. Mesa tana da wasu 'yan ƙaho biyu kusa da wutsiya, haɗe da ƙananan ƙasusuwa a daidai inda ƙafafun baya suke zama a jikin ƙadangare. A Meziko akwai kifin kogo wanda idonsa ke fara tsirowa yana cikin ƙwai, sannan ya shafe. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta bitamin C: akuyarki tana haɗa nata a cikin hanta, mu kuwa sai mun sha lemo ko mun ci ganye, alhali ƙwayar gadon da ke wannan aiki tana nan a jikinmu, ta daina aiki, kuma haka take a jikin birai. Duk wanda ya ce miki gano amfanin afendis ya share waɗannan, ko dai bai karanta ba, ko kuwa yana lallashin ki ne.

Shin ya halatta in ba yarinya hujjar da na san tana da rami, don kawai zuciyarta ta kwanta yau? Ni dai na ga bai halatta ba. Wannan yarinya likita take son zama. Ranar da ta shiga jami'a ta gano ramin, ba hujjar kaɗai za ta jefar ba, har da malamar da ta ba ta, kuma ina tsoron har da abin da malamar ta karantar da ita na tauhidi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111 Miladiyya, ya yi irin wannan gargaɗi a gabatarwar Tahafutul Falasifa game da masu ƙaryata lissafin husufin rana da wata da sunan kare addini: ya nuna cewa mai kare addini ta hanyar da ba ta dace ba ya fi mai sukarsa yi masa ɓarna.

Kuma in kin lura, imaninmu da halittar Annabi Adamu (AS) ai ba a kan afendis aka gina shi ba. Wahayi ne ya zo da shi, muka gaskata. Kafin 2007 iyayenmu ba su san aikin wannan tsiro ba, imaninsu bai ragu ba. Awon ɗakin gwaji yana iya nuna yadda gaɓa take aiki da abin da ta yi kama da shi. Hikimar Wanda Ya yi ta kuwa ba abin da ake ɗorawa a sikeli ba ne, balle a ce an auna ba a samu ba. A nan masu cewa "banza ne, saboda haka babu Mahalicci" su ma sun tsallake iyakar iliminsu, tsallakewar da ta fi tamu girma.

Da mako ya zagayo na faɗa mata duk wannan, har da jimina da bitamin C, ban rage ba. Na ce ta rubuta wa masu jarrabawa abin da littafinsu ya ce, a matsayin bayanin masana fannin, wannan ba ridda ba ce. Na ce cire afendis ɗinta da ya kumbura ceton rai ne, kuma rayuwa lafiya ba tare da abu ba bai nuna abin banza ne ba, tunda mutane suna rayuwa da ƙoda ɗaya.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Malama, me ya sa tamu ƙwayar gadon ta lalace iri ɗaya da ta birai?" Na ce masana suna ɗaukar wannan shaida ce ta asali ɗaya, mu kuma muna da nassi a kan Annabi Adamu, kuma yadda za a haɗa biyun tambaya ce da ta fi ƙarfin malamar Islamiyya. Ta rubuta ta a bangon littafinta na Ahlari, ta ce za ta kai wa babanta.