Shin Dutse Yana Dahuwa?

Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Mu da muka tashi muna kallon duwatsun da suka kewaye Garu a birnin Dutse, mun ɗauki zancen nan azanci ne kawai na magabata. Sai ga shi masana sun tabbatar cewa duwatsun nan da can narkakku ne, hucewa suka yi suka daskare. Ashe dutse ma yana da iyakarsa.

Kowane daskararren abu da mizanin da Allah Ya ajiye masa. Ƙanƙara tana narkewa a digiri 0, dalma a 327, sanholon da ake zuba tukwane da shi a 660, zinariya a 1064, baƙin ƙarfe kuwa sai ya kai 1538.

To amma ga abin lura, ya kai mai karatu. Wajen shekarar 1761 wani masani a Glasgow ta ƙasar Sikotilan, Joseph Black, ya gano cewa muddin ƙanƙara tana cikin narkewa, ma'aunin zafi ba ya motsawa daga sifiri, ko da kuwa wuta na ci a ƙarƙashinta. Zafin yana shiga, sai dai ya tafi wajen kwance abin da ya ɗaure ta. Zafin da take sha a ɓoye ya isa ya kai ruwanta digiri 80.

A nan tambayata take. Uban da ya shekara biyar yana yi wa ɗansa nasiha bai ga canji ba, haƙuri yake yi ko wauta? Da yawanmu a nan muke sarewa. Mukan ce yaron nan ba ya ji, mu sallama shi ga tasha da 'yan shaye-shaye, alhali wataƙila maganar tana shiga, ɗaurin ne bai gama kwancewa ba. Maƙerin da ya ajiye zugazugi don ƙarfe bai nuna alama ba, ya yi asarar gawayinsa da ƙarfensa duka.

Wani zai ce ai ba komai ne ke narkewa ba, itace ƙonewa yake yi. Gaskiya ne. Man shanu ma, da hantsi kaɗai ke sassauta shi, in aka cika masa wuta ƙauri yake yi. Don haka haƙuri ba ƙara wuta ba ne. Sanin abin da ke cikin kaskonka ne, da ba shi zafi daidai da shi, ba tare da yankewa ba.

Masu mulki su ma su yi hattara. Shirun talaka ba shaida ba ce cewa zafi bai shige shi ba.

Allah Ya ba mu haƙuri mai tafe da hikima, amin.