Paul Lauterbur da Iyakar Abin da Ake Kira Gaibu

Na'urar MRI, wadda ke fitar da hoton cikin jikin mutum ba tare da an tsaga shi ba, ta tayar da wata tambaya ta aƙida, wato ko ganin abin da fata ta rufe kutse ne cikin gaibu, wanda saninsa ya keɓanta ga Allah. Ana samun amsar ne daga yadda aka ƙirƙiro na'urar. Paul Lauterbur, masanin kimiyyar sinadarai da aka haifa a garin Sidney na jihar Ohio ta Amurka a 1929, ya daɗe yana aiki da abin da Felix Bloch da Edward Purcell suka gano a 1946, cewa ƙwayoyin haidurojin, idan aka sa su cikin maganaɗisu mai ƙarfi sannan aka aika musu da igiyar rediyo, sukan mayar da wani amo da ake iya aunawa. Dabarar da ta zo masa a 1971 ita ce a sa ƙarfin maganaɗisun ya bambanta daga wuri zuwa wuri, domin kowane amo ya nuna inda ya fito, kuma da yake galibin jikin ɗan Adam ruwa ne mai ɗauke da haidurojin, sai lissafi ya mayar da amon hoto. Hotonsa na farko na wasu siraran bututu biyu ne masu ruwa, kuma sai da mujallar Nature ta fara ƙin maƙalarsa kafin ta buga ta a 1973, aikin da ya kai shi ga raba kyautar Nobel da Peter Mansfield na Ingila a 2003.

Malaman tauhidi sun kasa gaibu gida biyu: akwai wanda babu wata hanya da halitta za ta bi ta san shi, kamar lokacin tashin Alƙiyama, akwai kuma wanda ya ɓoyu ga wani alhali yana bayyane ga wani, ko kuma ana iya kai gare shi ta hanyar sababi, wato dalilin da Allah ya shimfiɗa cikin halitta. Misali, ƙarin da MRI ke ganowa cikin ƙwaƙwalwa na kashi na biyu ne, domin yana nan tun kafin a ɗauki hoton, kuma awo da lissafi ne suka fito da shi.

Saboda haka majiyyacin da ya ƙi shiga na'urar don gudun taɓa gaibu ba shi da hujja, amma likitan da ya dubi hoto ya yanke wa mutum ranar mutuwa da yaƙini ya faɗi abin da na'urar ba ta auna ba.