Ranar da Duniya Ta Hau Mumbari

A daren 13 ga Nuwamba 1933, mutane kusan 20,000 suka cika wani babban zauren wasanni a Balin, babban birnin Jamus. Taron masu zuwa majami'a ne, har da fastoci a cikinsu. Wani malamin makaranta mai suna Reinhold Krause ya tashi ya nemi a raba ikilisiya da Tsohon Alkawari, wai littafin Yahudawa ne, a kuma rage wa koyarwar Manzo Bulus daraja. Zauren ya kaure da tafi.

Ba a tilasta wa kowa zuwa ba. Wannan shi ne abin tsoron. Mai bi ya saba jin labarin tsanani, na waɗanda aka ɗaure ko aka kashe don sun ƙi musun Almasihu, kuma a irin wannan gwaji aƙalla mutum ya san abin da ke gabansa. Ra'ayin duniya kuwa sau da yawa da sallama yake shigowa, cikin shigar ibada, yana magana da kalmomin da aka saba ji ranar Lahadi.

Jamusawan lokacin suna da dalilansu, kuma ba dalilan banza ba ne. An ci ƙasarsu a yaƙi a 1918, kuɗinsu ya zama takarda a 1923, a farkon 1933 mutum kusan miliyan 6 ba su da aikin yi. Da Hitler ya hau mulki a ƙarshen Janairun shekarar, ya yi alkawarin abinci da aiki da dawo da martabar ƙasa. Wa zai ƙi? Wata ƙungiya da ta kira kanta Kiristocin Jamus ta ce hannun Allah ne ke aiki, kuma a zaɓen shugabannin ikilisiya na Yulin 1933 ta kwashe kusan kashi biyu cikin uku na ƙuri'u. A watan Satumba majalisar ikilisiyar yankin Furushiya ta zartar cewa duk wanda ke da jinin Yahudawa ba zai riƙe aikin fasto ba, ko da an yi masa baftisma tun yana jariri.

Fastocin da dokar ta shafa ba su da yawa, shi ya sa wasu suka ce a kawar da kai a zauna lafiya. Amma Fasto Martin Niemöller, tsohon kwamandan jirgin yaƙi mai tafiya a ƙarƙashin teku, wanda shi kansa ya taɓa jefa wa 'yan Nazi na Hitler ƙuri'a, ya ga inda aka dosa: in jini ya fi baftisma ƙarfi, to ikilisiya ta sami wani ubangiji daban. Ya jagoranci wata ƙungiyar fastoci da ta tara mambobi kusan 7,000 zuwa Janairun 1934. A ƙarshen Mayun 1934 wakilan masu adawa da Kiristocin Jamus suka haɗu a garin Barmen suka amince da sanarwa mai sassa shida, wadda masanin tauhidi Karl Barth ya rubuta mafi yawanta. Jigonta shi ne Yesu Almasihu kaɗai ne Kalmar Allah da ikilisiya za ta saurara, kuma babu wani ɓangare na rayuwar mai bi da yake mallakar wani shugaba dabam. Barth ya rasa kujerarsa a jami'ar Bonn a 1935. Niemöller ya shiga hannu a 1937, bai fito ba sai 1945.

Sai dai ko waɗannan jarumai ba su tsira gaba ɗaya daga iskar zamaninsu ba. Sanarwar Barmen ta kare 'yancin ikilisiya, amma ba ta ce uffan ba game da Yahudawan da ake kora daga aiki ana rufe musu shaguna. Wata malamar makaranta a Balin, Elisabeth Schmitz, ita ce ta zauna a 1935 ta tattara abin da ake yi musu dalla-dalla, ta buga da hannunta, ta raba wa shugabannin ikilisiya tana roƙon su buɗe baki. Mafi yawansu ba su buɗe ba. Bayan daren da aka ƙona majami'un Yahudawa a Nuwamba 1938, ta ajiye aikinta don ba za ta ƙara koyarwa a ƙarƙashin wannan gwamnati ba. Mutum yana iya tsayawa daram a kan koyarwa, alhali ƙiyayyar da ya taso a cikinta tana nan kwance a zuciyarsa bai taɓa tuhumarta ba.

Mai bi a Jos ko Zariya ko Maraɗi ba ya fuskantar Hitler, kuma kwatanta halinsa da na Jamus kai tsaye zalunci ne. Amma tambayar ba baƙuwa ba ce. Idan zaɓe ya ƙarato ɗan siyasa ya shigo da ambulan, wa ake ba kujerar gaba? Idan za a zaɓi dattawan ikilisiya, halin mutum ake dubawa ko yarensa? Akwai kuma wa'azin da ke auna bangaskiya da mota da gida, har gwauruwar da ta kawo ɗan baikonta ta koma gida tana ganin Allah ya yi fushi da ita. Wasiƙar Yakubu ta tsawata a kan fifita mai zoben zinariya a wurin sujada, Bulus kuma ya gargaɗi Romawa kada su bari zamani ya zuba su a cikin tsarinsa. Yau zamanin yana cikin aljihu: saurayi yana jin wa'azi na awa ɗaya a mako, wayarsa kuwa tana yi masa nata daga asuba har dare.

Wani faston Jamus, Dietrich Bonhoeffer, ya gane cewa sanarwa kaɗai ba ta riƙe mutum. A 1935 ya buɗe makarantar horar da fastoci a Finkenwalde, a wani tsohon gini mai ƙarancin kayan zama. Kowace safiya, kafin hira da labarai, ɗalibai kan taru su karanta Zabura da sauran Nassi, sannan kowa ya zauna shiru na rabin awa a kan 'yan ayoyin da za a riƙe har mako ya ƙare. Suna furta zunubansu ga juna kafin cin jibin Ubangiji. Wasu sun yi gunaguni cewa zaman ya yi tsauri, amma manufarsa a fili take: muryar da mutum ya fara ji da safe ita ke jan ragamar yininsa, kuma wanda yake shi kaɗai ba ya daɗewa yana iyo gaba da ruwa.

'Yan sandan ciki sun rufe makarantar a 1937. A Yunin 1939 abokai suka samar wa Bonhoeffer mafaka a Amurka, amma cikin 'yan makonni ya komo, yana ganin ba shi da ikon sa hannu a gyaran ikilisiyar Jamus bayan yaƙin da ke tafe in bai sha wuyar tare da mutanensa ba. An kama shi a Afrilun 1943, aka rataye shi a sansanin Flossenbürg ranar 9 ga Afrilu 1945, yana da shekara 39, saura wata ɗaya Jamus ta miƙa wuya.