Sai da Ruwan Ciki Ake Jan na Rijiya

Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya mai zurfi ya san inda wannan karin magana ya samo asali. Guga kan sauka babu wahala, amma fitowarsa sai an kafe ƙafa a bakin rijiya, an karkata baya, hannu na karɓar igiya daga hannu. Mai jin ƙishi da yunwa ba ya kai guga uku sai gwiwarsa ta fara rawa, ga ruwa yana gani a ƙasa amma ba shi da ƙarfin fito da shi. 'Yan kasuwa kan kawo maganar in ana zancen jari. A wurin manomi kuwa, jarin farko shi ne jikinsa da na iyalinsa.

A ƙasar Hausa abubuwa uku ne ke haɗuwa a lokaci guda. Daga watan Yuni zuwa Agusta ake aikin da ya fi kowane cin ƙarfi, wato shuka da noman firi da maimai. A daidai lokacin ne rumbu ke kusan ƙarewa, hatsi ya yi tsada a kasuwa. A lokacin ne kuma sauro ke yawa, zazzaɓi ya shiga gidaje. Magidancin da ya kwanta mako guda a tsakiyar marka, kafin ya tashi ciyawa ta cinye masa gona. Wanda hatsinsa ya ƙare kuwa dole ya bar tasa gonar ya tafi ƙwadago a ta wani don ya samo na awo. Da kaka sai ya girbe kaɗan, baɗi yunwa ta riga shi isa gida.

Wannan rauni na damina tun daga kaka ake shuka shi. A shekarar 2005 an ga haka ƙarara a jihar Maraɗi, wadda ake lissafa ta cikin rumbunan Nijar. Bayan fari da farin dango na 2004, farashin gero ya yi tashin gwauron zabo. Akwai hatsi a kasuwa, amma manoman da suka sayar da nasu da araha don biyan bashi ba su da kuɗin sayensa. A wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu daga yankin Maraɗi, 'ya'yan waɗanda suka noma geron da hannunsu.

Don haka hikimar tana farawa ne daga ranar da aka ɗaure dami. Kafin buhu ko ɗaya ya hau amalanke, a zauna a ƙirga bakunan gida, a ware na ci har zuwa sabon amfani, a ware iri, abin da ya rage shi ne na kasuwa. A wannan lissafi a nemi shawarar uwargida, domin ita ce ta san tiya nawa ke shiga tukunya kowace rana. In ta ce, “Maigida, wannan ba zai kai mu ga sabon gero ba,” to a saurare ta.

Ajiyar ma tana da ƙa'ida. Wake da masara da gyaɗa a shanya su kan tabarma ko tamfol har su bushe ƙayau, domin danshi ne ke kawo fumfuna mai dafin da ke lalata hanta. Kada a zuba fiya-fiya cikin abin da yara za su ci. Irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015. Buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar, yana da leda biyu a ciki da buhu a waje. In aka matse iska aka ɗaure kowace leda daban, ƙwari sukan mutu da kansu ba tare da magani ba.

Cika ciki da tuwo kaɗai bai isa ba. Jiki na bukatar wake da gyaɗa da ganye. Zogale da rama da yakuwa da lalo suna nan birjik da damina, sai a shanya su a inuwa a adana don rani. Yaron da ya cika wata shida a ci gaba da ba shi nono, a kuma dama masa kunun gero da aka haɗa da gyaɗa da waken suya. Ƙwan kajin gida kada a kai shi kasuwa duka, a bar wa yara da mai juna biyu rabonsu.

Sai kuma sauro. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro kowane wata a damina. Ma'aikata kan bi gida gida su ba da na ranar farko, ragowar kwana biyun yana hannun uwa, kuma kammala shi ne ke kawo kariya. Babba da yaro kowa ya kwana cikin gidan sauro. In jiki ya yi zafi a je a gwada jini tun da wuri, kada a jira sai ciwo ya kayar da mutum.

Gaskiya ne ba kowa ke sayar da hatsi don son ransa ba. Bashi da rashin lafiya da hidimar biki su ke tilasta mutum. Shi ya sa a ƙauyukan Nijar da dama manoma suka haɗa kai suna ajiye hatsi a ɗaki guda, su karɓi rance a kansa, in ya yi daraja su fanshe abinsu. Abin da gida ɗaya ya kasa, unguwa za ta iya. Biki ana iya rage shi ko a ɗaga shi, amma damina ba ta jiran kowa. Manomin da ya ciyar da iyalinsa ya kuma tsare lafiyarsu, shi ne zai iya riƙe fartanya har ƙarshen aiki.