Wa Ya Aikata? Labaran Laifi da Tarbiyyar Jinkirta Hukunci

Akan tambayi malamin adabi ko ya dace mutumin kirki ya ɓata lokacinsa wajen karanta labaran kisan kai da sata da fashi. Masu tambayar suna ganin duk wanda ya saba da jin labarin ɓarna, zuciyarsa za ta bushe. Tambayar tana da nauyi, domin lalle akwai littattafan da ba su da abin sayarwa sai jini da bindiga, kuma waɗanda suka taso a shekarun 1980 sun san yadda littattafan James Hadley Chase suka riƙa yawo hannu-hannu a makarantun kwana har bangonsu ya yage. Sai dai ni abin da nake gani shi ne, a cikin wannan rukuni na ƙagaggun labarai akwai wani reshe da ke koyar da wata ɗabi'a wadda muke matuƙar ƙarancinta a yau, wato iya dakatawa tsakanin zargi da hukunci.

Bari mu fara daga gida. Adabin Hausa bai rasa labaran laifi ba, kuma wasu daga cikinsu suna cikin mafi ƙarfin abin da aka rubuta da harshen. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito a shekarun 1930, labarin ramuwar gayya ne: an ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainab da ƙarfin dukiya, shi kuwa ya huce a kan ɗan da ta haifa wa Malam Shehu, yaron ya tashi ɓarawo, har ta kai shi ga kashe mahaifinsa ba da saninsa ba. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya bi sawun saurayin da ya baro ƙauye don kwaɗayin birni, birnin ya mayar da shi ɗan ta'adda. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, waɗanda duka aka buga a 1982 bayan gasar da Sashen Al'adu na Tarayya ya shirya, ɗaya ya tona asirin masu fasa-ƙwauri da masu ɗaure musu gindi, ɗayan kuwa ya ba mu Mailoma, jagoran 'yan fashin da har yau ban ga wanda ya kai shi ban tsoro ba a cikin zubenmu. Duk ɗalibin da ya gama digirin Hausa bai karanta waɗannan huɗun ba, akwai sauran aiki a gabansa.

To, amma a lura da wani abu da ya haɗa su. A cikinsu babu inda aka ɓoye wa mai karatu wanda ya yi laifin. Tun daga farko mun san shi, muna tare da shi a ɗaki lokacin da yake ƙulla mugun nufinsa. Tambayar da suke yi ita ce: me ya kai shi, kuma wane ne yake da kaso a cikin alhakin? Wannan tambaya ce babba, ita ce kuma Dostoevsky ya gina Crime and Punishment a kanta a 1866. Tana koyar da tausayi, tana nuna cewa ɓarawo ma ɗan wani ne. Sai dai tana zaunar da mai karatu a kujerar wanda ya san komai, kujerar da babu ɗan Adam da ya taɓa hawanta a rayuwa ta zahiri.

Labarin bincike irin na Turawa ya biyo ta wata hanya dabam. Tun daga Edgar Allan Poe a 1841, zuwa Arthur Conan Doyle da ya fito da Sherlock Holmes a 1887, ƙa'idar ita ce a bar mai karatu cikin duhu tare da sauran jama'a. Ga gawa, ga mutane biyar ko shida, kowanne yana da dalilin da zai sa a zarge shi. Mai karatu zai kama ɗaya a zuciyarsa, ya ce wallahi shi ne, dubi yadda yake rawar murya, dubi yadda ya yi ƙarya game da inda ya kwana. Shafi ɗari daga baya sai ya tarar mutumin ya yi ƙaryar ne don rufa wa wata asiri, ba shi da hannu a kisan ko kaɗan. Wanda ya karanta irin wannan littafi guda ashirin, an kunyata tabbacinsa sau ashirin ke nan ba tare da an zubar da jinin kowa ba. Ban san wata makaranta da ke koyar da wannan darasi da araha haka ba.

Littafin da nake fara miƙa wa ɗalibi a nan shi ne The Hound of the Baskervilles na Doyle, na 1902. Mutanen wata karkara a Ingila sun gama yarda cewa wani karen aljanu ne ke bin zuriyar wani gida yana halaka su. Holmes bai tsaya musu da su a kan ko akwai aljanu ba. Ya dai bi sawun takalmin da ya ɓace da wasiƙar da aka aiko, har ya gano kare ne na gaske da aka shafa wa wani sinadari mai walƙiya cikin duhu, a bayansa kuma akwai mutum mai kwaɗayin gado. Mai karatu daga wannan yanki namu ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi. A 2023 ne jita-jitar satar mazakuta ta mamaye Abuja da kewayenta, aka yi ta lakaɗa wa bayin Allah duka a kan gaisawa kawai, daga baya 'yan sanda suka gurfanar da wasu daga masu ihun a kotu bisa laifin ƙarya. A watan Maris na 2025 kuma aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo suna kan hanyarsu ta komawa Kano, saboda taron jama'a ya ga bindigogin farauta ya yanke cewa masu garkuwa da mutane ne. Mu ma da muke jimamin wannan, mu tambayi kanmu: idan aka yi ihun “ɓarawo!” a tashar motar Garaku ko a kasuwar Keffi, mutum nawa ne za su tsaya tambayar me ya sata, wa ya gani, kafin su ɗauki dutse? Alhali ko a littattafan fiƙihun da muka gada, nauyin kawo hujja yana kan mai zargi ne, kuma shubuha tana tunkuɗe haddi.

Ba zan ce duk labaran bincike suna tsaye a kan wannan turba ba. Mai karatu ya gafarce ni, zan tona ƙarshen wani shahararren littafi, domin ba a iya tattauna shi sai da haka. A cikin Murder on the Orient Express na Agatha Christie, na 1934, dusar ƙanƙara ta tsayar da jirgin ƙasa, aka wayi gari an soke wani fasinja da wuƙa sau goma sha biyu. Hercule Poirot ya gano cewa mamacin ya taɓa sace wata ƙaramar yarinya a Amurka ya kashe ta, ya kuma kuɓuce wa shari'a, sannan mutane goma sha biyu masu alaƙa da gidan yarinyar ne suka haɗu kowa ya soke shi. Poirot ya gabatar da bayani biyu, na gaskiya da na rufa asiri, ya bari aka zaɓi na rufa asirin aka miƙa wa 'yan sanda. Yawancin masu karatu kan rufe littafin da jin daɗi. Ni kuwa yana damuna, domin abin da aka yi a jirgin nan ɗaukar doka a hannu ne, sai dai masu yin sa sun sa kwat. Abin da ya raba su da taron Uromi shi ne marubuciyar ta ba mu tabbacin cewa mamacin shi ne mai laifin, tabbacin da marubuci kaɗai ke iya bayarwa. Duk da haka ina ba da shawarar a karanta shi, a kuma yi gardama a kansa a aji, don ya fi littafin da kowa zai yarda da shi amfani.

Maƙwabtanmu Yarbawa sun daɗe da shigo da wannan zubi cikin harshensu, ta hannun marubuta irin su Oladejo Okediji da Kola Akinlade, inda mai bincike ke bin shaida ɗaya bayan ɗaya a cikin garuruwan da mai karatu ya sani. Babu abin da zai hana ɗaya daga cikin matasan da ke aiko wa wannan mujalla da labari ya gwada haka da Hausa: a tsinci gawa a gefen hanyar Keffi zuwa Akwanga, gari duka ya nuna baƙon da ya sauka jiya, sannan a samu mutum ɗaya, ko mai unguwa ne ko malamar asibiti, wanda zai ce a dakata tukuna a duba sawun da ke bakin rafi.