DARASI: TUKUNYAR DA TA ƁACI A HANNUN MAGINI

Abin karantawa: Irmiya 18:1-6. Ayar haddacewa: Filibiyawa 1:6.

Gabatarwa

'Yan'uwa, ko wane gida mai yara ya san wannan al'amari. Yaro ya kan ɗauki gawayi ko alli ya zana doki, ko ya ɗebo yumɓu ya gina saniya, ko ya fere kara ya harhaɗa mota. Sa'ad da ya gama sai ya ga ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo. Nan da nan ransa ya ɓaci, ya goge zanen, ko ya tattake saniyar, ya ce, "Ni ban iya kome ba." Manya su kan yi dariya, su ce yarinta ce. Amma a wannan sa'a yaron yana yanke shawara a kan wata babbar tambaya, watau, ko ana karɓar abin da ya ke da aibi. Amsar da ya samu a gida, ita ce zai kai gaban Allah in ya girma.

Ƙaramin yaro ba ya damuwa da zanensa. Sai ya kai wajen shekara 9 ko 10 ya kan fara gwada abin da ya zana da dokin gaske. Idonsa ya riga hannunsa girma, yana ganin abin da bai iya yi ba tukuna. Yara da yawa a nan su ke barin zane har abada. Baƙin cikin nan kuwa alamar girma ce, gama wanda bai ga kuskure ba, ba shi da hanyar gyarawa.

A gidan maginin tukwane

Wajen shekara 600 kafin haihuwar Almasihu, Ubangiji ya aiki annabi Irmiya gidan wani maginin tukwane a Urushalima. Ya tarar da shi yana aiki a kan abin juya yumɓu, wanda a Ibrananci a ke kira "duwatsu biyu". Annabin yana kallo, sai tukunyar ta ɓaci a hannun maginin. Mu lura da kyau: a hannun mai sana'a ta ɓaci. Maginin bai jefar da yumɓun ba, bai kuwa tashi ya bar aikin ba. Ya sāke cuɗa shi, ya gina wata tukunya yadda ya ga ya dace.

Saƙon dai ga mutanen Yahuza ne, gargaɗi ne da kira zuwa tuba. Amma ya nuna mana halin Allah. A sura ta 19 an umurci Irmiya ya sayi tulu wanda an riga an gasa, ya fasa shi a gaban dattawa, gama abin da ya ƙeƙashe ba ya gyaruwa. Ɗanyen yumɓu yana da bege, ko da ya karkace. Yaro ɗanyen yumɓu ne, aikin hannunsa kuma haka.

Mutanen ƙasarmu sun san wannan sana'a. Ladi Kwali, wadda hotonta ya ke a takardar naira 20, tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane da hannu a garinsu. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, garin da a ke kira Suleja yanzu, ta zauna ta koyi juya yumɓu a kan na'ura, ko da ya ke ta riga ta yi suna. Gwana ce, amma ba ta ji kunyar zama ɗaliba ba. Da koyo a kan iya.

Kuskure dabam, zunubi dabam

Wajibi ne mu raba wa yaro waɗannan biyu. Karkatacciyar ƙafar doki ba zunubi ba ce, rashin ƙwarewa ne, maganinsa kuwa haƙuri da maimaitawa. Idan muka tsauta wa yaro domin kuskuren hannu kamar yadda mu ke tsauta masa domin ƙarya ko sata, za mu ɗora wa lamirinsa kayan da Allah bai ɗora ba. Bulus ya gargaɗi ubanni a Kolosiyawa 3:21 kada su matsa wa 'ya'yansu har su karai. Yaron da ya karai ya kan bi ɗaya cikin hanyoyi biyu: ko ya daina gwadawa, ko ya koyi ɓoye aibinsa. Da haka ne a ke samun manya a ikilisiya waɗanda ba su iya furta laifi, domin tun suna ƙanana sun koya cewa marar aibi kaɗai a ke ƙauna.

Wani zai ce, "Ashe, Ubangiji bai umurce mu mu zama cikakku ba?" Ya umurta, a Matiyu 5:48. Amma kalmar da a ka mora a Helenanci tana nufin abin da ya kai matuƙarsa, kamar hatsin da ya nuna, ko yaron da ya zama mutum. Maganar da ta gabace ta kuwa a kan ƙaunar maƙiyi ce. Cikar nan girma ce cikin ƙauna, aikin Ruhu Mai Tsarki ne na dukan kwanakinmu. Bulus kansa, bayan shekaru masu yawa na hidima, ya shaida wa Filibiyawa cewa bai kai ba tukuna, yana dai nacewa gaba.

Littafi mai gyare-gyare

A 1947 waɗansu makiyaya suka sami tuluna na yumɓu cikin wani kogo kusa da Tekun Gishiri. A cikinsu akwai naɗaɗɗen littafin annabi Ishaya na fata, tsawonsa ya fi mita 7, wanda aka kwafa fiye da shekara 100 kafin haihuwar Almasihu. Wanda ya duba shi zai ga wuraren da mai kwafa ya tsallake kalma, aka komo aka rubuta ta a bisa layi ko a gefe. Da an yayyage fatar saboda kuskuren farko, da ba mu da wannan shaida yau. Allah ya ga dama ya kiyaye Maganarsa ta hannuwan da su ke kuskure suna gyarawa, cikin tulun ƙasa. Haka mu ma mu ke, in ji 2 Korintiyawa 4:7.

Abin da za mu yi

Na fari, kada mu yi wa yaro ba'a, kada kuwa mu gwada aikinsa da na wansa. Na biyu, kada mu yi masa ƙarya. Idan muka ce babu kuskure alhali idonsa ya gani, zai daina gaskata yabonmu. Sai mu ce, "I, ƙafar ta yi tsawo, amma dubi wuyan nan, ya fi na jiya kyau. Gobe ka sāke gwadawa." Na uku, mu karɓi aikin da hannu biyu, mu ajiye shi inda a ke gani. Bayan wata uku mu fito da tsohon tare da sabon, domin ya ga tafiyar da hannunsa ya yi. Na huɗu, mu bar shi ya ga yadda mu ke gyara namu kuskure ba tare da fushi ba, ko a ɗinki, ko a kunyar gona.

Uban da ya karɓi karkataccen doki da murna ya riga ya fara koya wa ɗansa ma'anar alheri. Gama Almasihu bai jira mu gyaru kafin ya mutu dominmu ba, kuma wanda ya fara aikin kirki a cikinmu shi ne zai ƙarasa shi.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin tukunyar sura 18 da tulun sura 19?
2. Wace magana ce mu kan faɗa wa yara wadda ta ke karya musu zuciya?
3. Akwai hidimar da muka ƙi yi a ikilisiya domin tsoron kuskure?

Addu'a

Ya Ubangiji Mahaliccinmu, ka ba mu zuciya mai taushi a hannunka. Ka koya mana yi wa 'ya'yanmu haƙuri kamar yadda ka ke yi mana. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.